Yawan cibiyoyi da saurin harhaɗa manhaja

Wani ɗalibina da ke nazarin karin sautin Hausa ya kawo mini kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka cikin ɓacin rai. Ya so ya harhaɗa Praat daga rubutunta na tushe, wato manhajar nan ta awon sauti da Paul Boersma da David Weenink suka samar a Jami'ar Amsterdam. Ya buga umarnin make ya zauna jira, aka ɗauke wuta, batiri ya mutu, aiki bai kammala ba. Da na duba sai na tarar furosesarsa tana da cibiya 4, amma ɗaya tak ke aiki, sauran ukun suna zaman kashe wando.

Abin da nake kira cibiya shi ne kowane ɗaya daga cikin ƙananan injinan lissafi da ke cikin furosesa, wanda zai iya gudanar da aiki shi kaɗai. Kalmar ba ta gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba, amma da ita nake koyarwa har a samu wadda ta fi ta.

Stuart Feldman ne ya rubuta make a Bell Labs a 1976, kuma har gobe, in ba a ce masa komai ba, fayil ɗaya yake sarrafawa, ya gama sannan ya ɗauki na gaba. Maganin gajere ne. Umarnin nproc zai gaya maka adadin ayyukan da furosesarka za ta iya ɗauka a lokaci guda, sai ka buga make -j4 idan 4 ya nuna. Masu amfani da Gentoo suna rubuta wannan sau ɗaya a MAKEOPTS, masu Arch kuma a MAKEFLAGS.

A ganina wajibi ne a koya wa duk mai taɓa Linux wannan, musamman a wuraren da ba a san lokacin ɗauke wuta ba. Sai dai ina adawa da yadda ake yaɗa shi, kamar cibiya 8 na nufin ninkin sauri sau 8. Wanda ya taɓa halartar gayyar gina ɗaki ya san ba haka abin yake ba. Mutum goma za su iya buga tubali tare, amma ba a ɗora azara sai bango ya tashi, ko da gari guda ne ya fito. Haka harhaɗa manhaja take. Ana iya raba fayiloli ɗaruruwa ga cibiyoyi, amma binciken farko na abin da ke cikin na'ura, da matakin ƙarshe na ɗinke gutsattsarin su zama manhaja guda, yawanci a jere suke tafiya.

Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967. A ɗauka kashi 10 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa. Cibiya 4 za su ba ka ninki 3 da ɗan ɗori, cibiya 8 ninki 4.7, cibiya 16 ninki 6.4. Ko dubu ka tara ba za ka kai ninki 10 ba. Saboda haka ɗalibin da ke shirin cin bashi don sayen kwamfuta mai cibiya 16 ya fara yin wannan lissafin.

Abin da ya fi damuna shi ne RAM, domin nan ne ake yin asara. Kowane aiki da make ya tayar yana cin nasa rabon, kuma fayilolin C++ ba su da ƙoshi. Littafin jagora na Gentoo yana ba da shawarar a ware wajen gigabait 2 ga kowane aiki. Idan RAM ta cika, kwamfuta ta koma jingina da faifai, tafiya ta zama ta hawainiya, daga ƙarshe Linux ya kashe wani aikin da kansa don ya samu sarari. Mafi muni shi ne a buga make -j babu lamba, domin ma'anarsa babu iyaka: zai tayar da duk abin da ya samu dama a lokaci guda.

Akwai kuma kuskuren da ba ya fitowa sai an raba aiki. Idan marubucin Makefile ya manta bai faɗi cewa wannan fayil yana jiran wancan ba, harhaɗawa a jere takan rufa masa asiri, amma da zarar cibiyoyi sun shiga tsere sai abin ya rushe yau, ya yi daidai gobe. In ka gamu da haka, koma -j1 ka gwada kafin ka zargi na'urarka.

Kwamfutar ɗalibin nan gigabait 4 gare ta, don haka -j2 na sa masa duk da cibiyoyinsa 4, na ce ya rufe burauza tukuna. Ya yi mamaki da ya ga make bai koma farko ba: fayilolin da aka gama kafin mutuwar batiri suna nan, daga inda ya tsaya ya ci gaba.