Kada A Tayar Da Tarakta Da Tsumman Fetur

Ya kai manomi, da kai malamin gona, idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, musamman a tsaunukan Jos da Mambila, tarakta kan ƙi tashi da asuba. Nan take sai direba ya jiƙa tsumma da fetur, ya kara a bakin da inji ke shaƙar iska. Inji zai tashi kam, amma a ganina wannan ɗabi'a ta fi sanyin ɓarna.

Injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi. Iskar da fistan ya matse ce ke yin zafin da zai kunna man. Shi kuwa fetur yakan kama tun fistan bai kai ƙarshen tafiyarsa ba, ya buge shi da ƙarfi, har zobensa ya karye. In kuma hita na kunne, wuta na iya kama hannun direban.

Ka fara da batir, domin sanyi na rage masa ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri. Kankare kawunansa, ka ɗaure su tam. Kunna hita na daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 ba hutu.

Sannan ka dubi hayaƙi. Idan fari ne ke fita inji bai kama ba, mai yana zuwa, zafi ne ya kasa, sai a duba hita. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, man ne bai iso ba: a tsiyaye ruwan filta, a fitar da iskar da ta shiga bututun mai. Ruwan nan sau da yawa raɓa ce da ta taru a tanki cikin dare, don haka ka riƙa cika shi da yamma.