Ra'ayinmu: A Sauko Da Ilmi Daga Kan Allo

Cikin fannonin aikin injiniya akwai wanda ke nazarin jikin mutum tamkar inji, watau yadda ƙashi da tsoka da gaɓoɓi ke ɗaukar nauyi. Ba sabon ilmi ba ne, gama tun 1680 aka buga littafin Borelli, mutumin Italiya, a kansa. Amma mu har yau a allo muke ganinsa, mu haddace, mu juye ran jarrabawa.

Alhali kuwa ga abin aunawa nan birjik a bakin tafkin Kainji. Basarke na tuƙi da filafili tun asuba. Manomin albasa a Yawuri kuwa, in ya sunkuya zai ɗaga buhu, tsokar bayansa dab take da ƙashin baya, buhun kuwa can gaba, saboda haka tilas ta ja ninkin ba ninkin nauyinsa kafin ya bar ƙasa. Ɗalibin da ya haɗa wannan da katako da igiya da sikeli, ya karanta lambar da idonsa, shi ne gobe zai san tsawon ƙotar da ta dace da fartanya.

A 1986 masana sun auna matan Kenya masu ɗaukar kaya a ka, suka ce sukan ɗauki kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin wahala ba. To, matan Shanga da Ngaski fa, da gammonsu?

Muna roƙon hukumar jami'a ta ware wa wannan darasi yini guda kowane mako a ɗakin gwaje-gwaje, kana ta tura ɗalibai Warra da Yelwa lokacin hutu, da sikeli da agogo a hannu.