Digirin zane da kwamfuta: me kuɗin makarantar ke saya?

A Kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan ana yin digiri na biyu inda ɗalibi ke rubuta wa kwamfuta umarni ta fitar da zane, sauti ko hoto mai motsi. Sai dai manhajar Processing, wadda Casey Reas da Ben Fry suka ƙirƙira a 2001 domin irin wannan aiki, kyauta ce. Ke nan malamai, ɗakin gwaji da damar baje koli ake biya. Tun Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu, in ba na bincike ba, tafiya da iyali. Magidancin da ke shirin sayar da fili ya fara gwada Processing a gida tukuna.