Shafi Biyu Kafin Miliyoyi: Kira Ga Masu Neman Kuɗin Bincike

Da wuya ɗaliban manyan digirori ko ƙananan malamai su zauna hira su tashi ba a yi kukan rashin kuɗin bincike ba. Kukan kuwa yana bisa hanya. Tun a shekarar 1980 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Legas suka amince cewa ya kamata kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara domin kimiyya da fasaha, aka kuma sake jaddada wannan alkawari a Khartum a 2006, amma Nijeriya ba ta ko kusanci wannan adadi ba. To, sai dai akwai wata magana da ba a cika yin ta a wajen hirar ba. Ɗan abin da ake da shi, na gida da na waje, yana da ƙofa, ƙofar kuwa ƙanƙanuwa ce: wata taƙaitacciyar takarda ce mai shafi biyu ko uku wadda mai nema yake fara aikawa kafin a ba shi izinin rubuta cikakkiyar takardar neman tallafi. Mu a nan za mu kira ta takardar share fage. Ra'ayinmu shi ne, wannan 'yar takarda da ake rainawa ita ce jarrabawar gaskiya ta mai bincike, kuma lokaci ya yi da za a ɗauke ta a matsayin darasin da ya wajaba a koyar a jami'o'inmu.

Bari mu fara da gida. Asusun da a yau ake kira TETFund ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙulla da Gwamnatin Tarayya a 1992, aka kafa shi da doka a 1993, aka sake masa suna da tsari a 2011. An gina shi a kan harajin ilimi da aka ɗora wa ribar kamfanoni, wanda ya fara daga kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Wato kuɗin jama'a ne, ba kyautar wani ba. A ƙarƙashinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda tsarinsa hawa-hawa ne. Da farko a yi shela a nemi takardun share fage a fannoni uku: kimiyya da fasaha da ƙere-ƙere, sai ilimin ɗan Adam da zamantakewa, sai kuma batutuwan da suka ratsa fannoni da yawa. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi su ne ake gayyata su rubuta cikakkiyar takarda, daga nan su je su kare ta a gaban kwamiti. Wanda ya faɗi a hawan farko, babu wanda zai taɓa ganin zurfin iliminsa.

Haka abin yake a ƙasashen waje. A 2008 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta buɗe wani shiri na neman sababbin dabarun kiwon lafiya, inda ta ce shafi biyu kawai take so, ta ba wanda ya yi nasara dala 100,000 ya fara aiki, alƙalan kuwa suka duba takardun ba tare da sanin sunan mai su ko jami'arsa ba. Shirin ceto tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Ingila, wanda aka kafa a 2004, kuma ya tallafa wa ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da Ajami a Nijeriya da Mali, shi ma sai an bi ta gajeriyar takarda kafin doguwa. Dalilin masu kuɗin a fili yake. Alƙali ba zai iya karanta ɗaruruwan takardu masu shafi talatin-talatin ba, kuma babu amfanin a bar mutum ya ɓata wata biyu yana rubutu a kan abin da tun farko ba shi ake nema ba. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Me ya kamata wannan takarda ta ƙunsa? Wani injiniya Ba'amurke, George Heilmeier, wanda ya shugabanci hukumar binciken tsaro ta Amurka daga 1975 zuwa 1977, ya shahara da wasu tambayoyi da yakan yi wa duk wanda ya zo neman kuɗi. Ma'anarsu a taƙaice ita ce mutum ya faɗi abin da yake son yi da harshen da kowa zai gane, ya faɗi yadda ake yin abin a halin yanzu da inda aka gaza, da sabon abin da ya zo da shi, da wanda zai amfana, da haɗarin da ke ciki, da yawan kuɗi da tsawon lokaci, da kuma yadda za a auna ko an ci nasara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar dogon Turanci. Abin da suke bukata shi ne mutum ya riga ya yi tunani kafin ya ɗauki alƙalami.

Ga misali daga rumbunmu. Kowane manomi a Kano ko Maraɗi ya san yadda ƙwari ke huda wake bayan girbi, har ya gwammace ya sayar da arha a kaka da ya zuba ido ya koma gari. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar da Nijeriya, sun tsaya a kan tambaya guda: shin za a iya kashe ƙwarin nan ta hanyar hana su iska, ba tare da zuba magani ba? Amsar ita ce buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, wanda aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin da aka samu a 2007. Dubi yadda tambayar take: matsala sananniya, dabara guda, mai amfana a fili, sakamakon kuma ana iya auna shi da mudu bayan wata shida. Irin wannan tunani shi ke shiga shafi biyu ya zauna daram.

Kwatanta wannan da abin da aka fi aikawa. Sai ka ga take kamar "Nazari a kan matsalolin noma a Arewacin Nijeriya", sannan a cinye shafin farko wajen ba da labarin faɗin ƙasa da yawan jama'a da muhimmancin noma, abubuwan da alƙalin ya sani tun yana firamare. Kafin a iso ga tambayar, takarda ta ƙare. Da marubucin ya ce yana so ya gwada hanyoyi uku na busar da tumatir a Kadawa cikin rani guda, ya ga wadda ta fi rage asara da kuɗi kaɗan, da ya ba alƙali abin kamawa. Haka nan ɗalibin tarihi da ya ce zai ƙididdige ya kuma ɗauki hoton rubuce-rubucen Ajami da ke hannun gidajen malamai biyar a unguwa guda ya fi wanda ya ce zai binciki tarihin Musulunci a ƙasar Hausa baki ɗaya. Ƙanƙantar da tambaya ba ƙanƙantar da kai ba ne. Alama ce ta cewa mai ita ya san iyakar ƙarfinsa.

Sauran ramukan da ake faɗawa sanannu ne. Akwai wanda ba ya karanta shelar da kyau, an ce kalma 1,000 ya aika 2,000, ko an nemi bincike a kan ruwan sha ya aika nasa na kiwon kaji. Akwai wanda kasafinsa ke tona masa asiri, rabin kuɗin ya tafi ga mota da kwamfuta da tafiya taro, aikin kansa ya tashi da ragowa. Akwai mai jira sai daren rufewa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, balle a inda wuta da intanet ba su da tabbas. Mafi muni kuwa shi ne wanda ke biyan wani ya rubuta masa, ko ya sa manhajojin rubutu na zamani su zuba masa kalmomi masu santsi da babu komai a cikinsu. Ko ya tsallake hawan farko, ranar da zai tsaya a gaban kwamiti babu wanda zai ara masa baki.

Mun san za a ce mana ai duk wannan ɓata lokaci ne, sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ba mu ce duniya ta gyaru ba. Amma wanda bai aika takarda mai kyau ba, ba shi da hujjar cewa an zalunce shi, kuma ya sauƙaƙa wa azzalumin aikinsa. Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, wato cewa mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, har masananmu su koma 'yan kwangilar tattara wa wasu bayanai. Wannan haɗari gaskiya ne. Maganinsa shi ne mutum ya riga ya mallaki tambayarsa a rubuce kafin a yi shela, sa'an nan ya nemi mai kuɗin da bukatarsa ta dace da ita. Wanda ba shi da tambayar kansa shi ne kowace iska ke kaɗawa, bana masanin sauyin yanayi, baɗi masanin cutar zamani. Idan ba mu iya faɗin matsalolinmu a taƙaice ba, wasu za su faɗe su a madadinmu, su kuma karɓi kuɗin da sunanmu.

'Yan'uwanmu matasa ma'aikatan gwamnati, wannan magana ta shafe ku. Rajistar asibiti, da lissafin rijiyoyin burtsatse da suka mutu, da rahotannin malaman gona, duk a ofisoshinku suke kwance suna shan ƙura, alhali kowane fayil yana ɗauke da tambayar da wani ɗalibi ke yawon nema. Masu ba da tallafi kuwa suna son ganin cewa akwai ma'aikatar da za ta yi aiki da sakamakon. Ku nemi malaman jami'a, ta hanyar da dokar aiki ta yarda, tun ana rubuta shafin farko.

Saboda haka muna kira ga kowane sashe na jami'a da ya wajabta wa ɗalibin digiri na biyu da na uku rubuta takardar share fage mai shafi biyu kafin a amince da batun kundinsa. Muna kira ga ofishin kula da bincike da ya riƙa yaɗa shelar tallafi da zarar ta fito, ba bayan an rufe ba. Muna roƙon malamanmu da suka taɓa cin nasara su bari a karanta takardunsu, su kuma sa ɗalibai cikin tawagarsu, tun da galibi malami ne ke jagorantar irin wannan nema. Ita kuwa Ƙungiyar Ɗalibai, ta ware zama guda a kowane zango inda mutum zai karanta shafinsa biyu a gaban waɗanda ba 'yan fanninsa ba, ɗan lissafi ya saurari ɗan Hausa, ɗan shari'a ya saurari ɗan aikin gona. Ga kuma wani ma'auni da ba ya cin ko kwabo: kafin ka rubuta da Turanci, bayyana wa mahaifiyarka bincikenka da Hausa. In ta gane, alƙali ma zai gane. In kuwa ba ta gane ba, da sauran aiki a gabanka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma ba mu bakin bayyana shi.