Gidan na mai gida ne, amma fitar da ɗan haya aikin kotu ne



A Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, unguwannin Legas da Hausawa suka daɗe da zama, yawancin mutane a ɗakin haya suke kwana. Labarin da ake yawan ji kuwa shi ne na mai gidan da ya fusata da ɗan haya ya sa aka kware kwanon ɗakin, ko ya garƙame ƙofa da kwaɗo, ko ya watsar da kayan iyali a bakin titi. Mutane da dama suna ɗauka ai ikonsa ne tunda gidansa ne. Dokar haya ta jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta ce wannan laifi ne, kuma hukuncinsa tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida.

Hanyar da doka ta shimfiɗa a bayyane take. Idan babu yarjejeniyar da ta tanadi wani wa'adi daban, mai biyan wata-wata sai a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a je kotu. Alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin a fitar da shi.

Sai batun kuɗin gaba, wanda ya fi komai karya bayan talaka. Dokar ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, ta kuma hana ɗan hayan kansa ya biya. Duk wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata uku. Abin takaici, ƙarancin gidaje ya sa wanda yake neman inda zai sa haƙarƙarinsa ba ya iya musu, sai ya biya na shekara biyu, ya ƙara da ladan dillali, ya yi shiru. An kuma keɓe Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga wannan doka.

Rasit shi ne abin da 'yan arewa suka fi sakaci da shi. Ɗan kasuwa zai miƙa kuɗin shekara bisa amana, a gaban shaidu biyu, a yi musabaha a watse. Amana abu ne mai kyau, amma ranar da mai gida ya rasu magada suka zo, ko aka sayar da gidan, takarda alƙali zai nema. Doka ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit mai ɗauke da kwanan wata, da sunaye, da adireshin gidan, da adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya. Ƙin bayarwa ma laifi ne mai tara.

Ba a bar mai gida hannu rabbana ba. Dattijon da ya gina ɗakuna huɗu da kuɗin fanshonsa yana da haƙƙin a biya shi a kan lokaci, kuma mai biyan wata-wata da ya tara bashin wata shida ya zubar da haƙƙinsa na notis. Sai dai gyaran wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su yana wuyan mai gida, kuma ba shi da ikon riƙe kayan ɗan haya.

Wanda kuɗin lauya ya fi ƙarfinsa yana iya kai kukansa cibiyar sasanta jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jihar, inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. Ya kamata sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwanni su riƙa sanar da mutanensu wannan, su kuma nace kada kowa ya miƙa kuɗin haya ba tare da ya karɓi rasit ba.