Kalmomin Ƙarshe Na Mashahuran Mutane: Na Mamaci Ne Ko Na Masu Rai?

Akwai wani nau'in zance da ya daɗe yana yawo a bakunan mutane da cikin littattafai, wanda a yau kuma ya sami sabon abin hawa a wayoyin hannu, watau kalmomin da aka ce mashahuran mutane sun furta dab da cikawarsu. Sai ka ga an jero sunayen sarakuna da jarumawa da masana, kowanne an liƙa masa 'yar gajeriyar jimla mai daɗin ji, wadda ta zauna masa daram kamar rigar da aka auna. Mai karatu ya gyaɗa kai, ya ce lalle babba babba ne ko a bakin kabari. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga cewa yawancin waɗannan kalmomi aikin masu rai ne. Su suka ji, su suka zaɓa, su suka goge, wani lokaci ma su suka ƙaga. Saboda haka a nawa ganin mazauninsu shi ne fagen adabin baka, kusa da kirari da tarihihi, kuma da ma'aunin da muke auna waɗannan ya kamata a auna su.

Bari mu fara da wanda ya fi kowa suna a wannan fage, watau Juliyas Siza na Rum, wanda 'yan majalisarsa suka sassoke a ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Duk wanda ya ratsa makarantar sakandare ya san kalmomin Latin guda 3 da aka ce ya faɗa wa amininsa Burutus lokacin da ya gan shi cikin maƙasa. To, amma daga ina suka yaɗu? Daga wasan kwaikwayon Shekspiya, wanda aka rubuta wajen 1599, shekara fiye da 1,600 bayan aukuwar abin. Marubucin tarihin Rum, Sutoniyas, wanda shi kansa ya yi rubutunsa ne fiye da shekara 150 bayan kisan, cewa ya yi an soki Siza sau 23 bai furta kalma ba, in ban da nishi ɗaya da ya yi a sukar farko. Sa'an nan ya ƙara da cewa waɗansu sun ce ya yi wa Burutus magana da Girkanci, ya kira shi ɗansa. Sutoniyas bai ɗauki alhakin wannan ba, jingina ta ya yi ga "waɗansu". Mai wasan kwaikwayo kuwa ba zai bar gwarzonsa ya faɗi shiru a kan dandamali ba, don shiru ba ya tara 'yan kallo.

Haka aka yi wa Kal Maks. Ana ba da labari wai mai aikin gidansa ta nemi ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe don a rubuta, ya kore ta, ya ce wawayen da ba su faɗi abin da ya isa ba a rayuwarsu su ke bukatar wannan. Labari ne mai armashi. Sai dai amininsa Engels, a jawabin da ya yi bakin kabarinsa a London, ya ce a ranar 14 ga Maris 1883 an bar shi shi kaɗai abin da bai fi minti 2 ba, da aka komo aka tarar ya cika a kan kujerarsa.

Ƙagen irin wannan bai cika ba ni tsoro ba, domin da an bi sawu ake kama shi. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne inda ba a yi ƙarya ko ɗaya ba, zaɓe kawai aka yi. A nan misalin Sarkin Ingila Joji na Biyar ya isa, kuma ya shafe mu, tun da a zamaninsa ƙasar nan tana cikin daular da ake magana a kai. Ya rasu a Sandirinham daren 20 ga Janairu 1936. Washegari Firayim Minista Baldwin ya shaida wa jama'a ta rediyo cewa Sarki a kan gadon ajalinsa ya tambayi sakatarensa lafiyar daula. Nan da nan aka ɗauki wannan tambaya a matsayin kalmarsa ta ƙarshe, aka yi ta juya ta a jaridu. Kuma gaskiya ne ya yi tambayar, amma da rana ya yi ta, sa'o'i da dama kafin cikawarsa. Sai a 1986, bayan shekara 50, aka bayyana abin da likitansa, Lod Dosin, ya rubuta a littafinsa na sirri. A ciki ya ce maganar da ta fito daga bakin Sarki a ƙarshe tsinuwa ce ga ma'aikaciyar jinyar da ke yi masa allurar barci. Abin bai tsaya nan ba. Likitan ya rubuta da hannunsa cewa shi ya yi wa Sarki allurar mofin da koken don ya gaggauta mutuwarsa, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne don labarin ya riski jaridun safe masu martaba, kada ya faɗa hannun na yamma. Mutanen da suka iya tsara sa'ar mutuwar sarki don ta dace da lokacin buga jarida, ashe zaɓen jimlar da za a sa masa a baki zai gagare su?

Na Nelsan ya fi wannan ban tausayi. An harbe shi a yaƙin ruwa na Tarafalga ranar 21 ga Oktoba 1805, ya yi kimanin sa'a 3 kwance a cikin jirginsa kafin ya cika, likitansa da limamin jirgin suna kansa, kuma dukansu sun bar bayani a rubuce. Abin da Ingila ta riƙe, ta koya wa 'ya'yanta, shi ne godiyar da ya yi ta maimaitawa ga Ubangiji cewa ya sauke nauyin da ke kansa. Ya faɗi haka, babu musu. Amma a cikin waɗannan sa'o'i ya yi ta neman a ba shi abin sha, a yi masa fifita, a shafa masa ƙirji, kamar kowane ɗan Adam mai jin zafi. Ya kuma yi ta roƙon a kula masa da Ema Hamiltan, matar da yake tare da ita ba da aure ba, uwar 'yarsa. Da safiyar ranar ma sai da ya rubuta takarda ya bar ta amana ga Sarki da ƙasa. An gina masa dogon ginshiƙi a tsakiyar London, gwamnati kuwa ta yi biris da amanar. Ema ta mutu cikin bashi da talauci a Kale ta Faransa a 1815. Maganar da ba ta cin ko kwabo ita aka adana, wadda za ta taɓa baitulmali kuwa aka yi kamar ba a ji ba.

Wani lokaci kuma kalmar ba ta da wani nauyi, masu sharhi ne ke ɗora mata kaya. Aflatun ya ruwaito cewa malaminsa Sokaratis, bayan ya sha gubar da kotun Atina ta hukunta masa a shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tuna wa abokinsa cewa abin bautarsu na waraka yana bin su zakara, a biya kada a manta. Shekara fiye da 2,000 masana suna ta jayayya a kan wannan zakara, har waɗansu suka ce nufinsa rayuwa ciwo ce, mutuwa kuwa waraka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a cikin littafin an ambata cewa shi Aflatun ba ya nan a ranar, ba shi da lafiya. Jiyau ne, ba ganau ba. Dangane da wannan, ina jinjina wa ma'aikaciyar jinyar da ke kan Ainstain a asibitin Firinstin a 1955. Ya yi 'yan maganganu da Jamusanci ya cika, ita kuwa ba ta jin Jamusanci, ta kuma tsaya a kan cewa ba ta gane ba, alhali da ta ƙaga wani abu babu mai ƙaryata ta.

Na san wani zai ce, to mene ne aibu? In jimlar ta dace da halin mutumin, kuma tana gyara tarbiyyar yara, a bar ta mana. Ban ce a jefar da ita ba. Kirarin sarki ma ba a jefar da shi don ya kira shi giwa ko toron giwa, amma babu ɗalibin da zai rubuta a kundinsa cewa sarkin yana da haure. Tambayar lafiyar daula tana gaya mana abu mai yawa game da yadda masu mulkin Ingila na 1936 ke son talakawansu su ɗauki sarauta. Wannan shi ne amfaninta ga mai nazari. Aibun yana shigowa ne sa'ad da aka kafa hujja da ita a kan halin mamacin, ko aka yi amfani da ita don a rufe bakin mai jayayya, tun da wanda aka jingina wa ba zai tashi ya ce ban faɗa ba.

Idan muka waiwayo gida, za mu ga al'amarin ya ɗan sha bamban. Bahaushe bai damu da mai gargara ya yi fasaha ba. Kalmar da ake fata ya cika da ita sananniya ce, ana ma laƙanta masa ita, shi ya sa tambayar da ake yi a gidan makoki ita ce ko ya samu cikawa da kalmar shahada. Abin da muke da shi a madadin waccan al'ada ta Turawa shi ne wasiyya, wadda akan yi da sauran hankali, gaban shaidu, a kan bashi da amana da riƙon zumunci. Marubutan tarihin Sakkwato sun ruwaito cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a jinyar da ya rasu cikinta a Wurno a 1837, ya gargaɗi ɗansa Aliyu kada ya nemi ɗora kansa a kan mulki, ya kuma ƙi ambata magaji, ya bar wa masu zaɓe. Wannan magana tana da abin da za a gwada ta da shi a waje, domin ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, Aliyu bai hau ba sai 1842. Duk da haka ita ma sai an yi mata tambayoyin da malaman hadisi suka koya mana yi wa kowace ruwaya: wa ya ji, wa ya gaya wa wa, yaushe aka rubuta, wa kuma ta yi wa amfani? Wasiyyar da ta shafi gadon sarauta ita ce ta fi kowace jawo masu ƙarin gishiri.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Kowace shekara muna fita ƙauyuka da birane da na'urar ɗaukar magana, muna tattara tarihin sarakuna da malamai da makaɗa don kundin kammala digiri. Da wuya a rasa babin rasuwa, da wuya kuma babin ya rasa wata magana da aka ce marigayin ya yi wadda ta nuna ya san ajalinsa ya zo, ko ta nuna wanda yake so ya gaje shi. Sau da yawa mai ba da labarin shi ne magajin, ko ɗansa, ko yaronsa. Shawarata ita ce duk wanda ya ci karo da irin wannan ya tambayi mai faɗa ko yana cikin ɗakin, ya rubuta dangantakarsa da mamacin, in kuma ya sami ruwaya biyu masu saɓani ya kawo su duka, kada ya narka su ya fitar da guda mai santsi. Ya kuma tuna cewa a gidajenmu waɗanda ke zaune da majinyaci a daren ƙarshe galibi mata ne, matansa da 'ya'yansa da tsofaffin gida, alhali hirar da muke yi yawanci a zaure take ƙarewa. Ɗalibi namiji ba zai iya ƙetare zauren ba, don haka sai ya nemi wata daga cikin 'yan ajinmu mata ta shiga masa da na'urar.