Ƙaramar Katafila: A Tambayi Ƙasa Kafin A Sayi Bokiti

Makonni uku da suka wuce wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya kira ni bayan sallar Isha'i. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa sun shigo bayan jira mai tsawo, kuma ya yanke shawarar zuba su a ƙaramar katafila, irin wadda ake haƙa harsashin gini da magudanar ruwa da ita, domin ya riƙa ba da haya. Dillalin da yake magana da shi ya turo masa hotuna ta WhatsApp: ga motar, ga kuma kayan da ake ɗaura mata a hannu har kala tara, kowanne da farashinsa. Ya ce da ni, "Kai da kake koyar da aikin injiniya, wanne zan ɗauka, wanne zan bari?" Na ce masa, "Yaya, ba ni kwana biyu." Abin da na tattara masa shi ne nake so in raba da masu karatu a wannan mako, saboda na lura ba shi kaɗai ba ne yake wannan lissafi.

Irin wannan mota a Japan aka haife ta. Kamfanin Yanmar ya fito da tasa a 1968, Takeuchi kuma ya ƙera wadda ke juyawa ta kowane ɓangare a 1971. Dalilin ƙera ta shi ne ƙuncin wuri: titunan biranensu matsattsu ne, babbar katafila ba ta shiga. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya zai gane amfaninta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yawanci nauyinta ba ya wuce tan 6, akwai ma wadda ba ta kai tan ɗaya ba. Sai dai motar kanta hannu ce kawai da ƙarfin man haidirolik. Abin da aka ɗaura a ƙarshen hannun shi ne yake taɓa ƙasa, shi ne yake kawo kuɗi ko ya jawo asara.

Don haka tambayar farko da na yi wa Yaya ita ce, a wace irin ƙasa motar za ta yi aiki? Ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ce. A Kano da Zariya da Jos, da zarar an wuce ƙasar sama sai a ci karo da marmara, wani wurin ma da fa, dutsen da gatari ba ya yi masa komai. Idan aka nausa gabas wajen Haɗeja zuwa yankin tafkin Chadi, yashi ne da laka, har da baƙar lakar nan da ke tsagewa da rani ta kumbura da damina. Makamin da ya yi suna a Jos zai iya shekara a jingine a Gashuwa.

Bokiti shi ne uwa uba, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure saboda suna ganin bokiti ai bokiti ne. Akwai siriri mai faɗin santimita 30, na haƙa hanyar bututun ruwa ko wayar lantarki. Akwai matsakaici mai santimita 45 zuwa 60, shi ne na harsashin gini da ramin masai. Waɗannan biyun suna da haƙora. Sannan akwai mai faɗi, wanda ya kai mita ɗaya ko fiye, ba shi da haƙori ko ɗaya, bakinsa miƙaƙƙe ne; aikinsa yashe kwata da baje ƙasa da mayar da cikon rami.

Na ga illar rashin bambance su da idona. Shekaru biyu da suka wuce, mu mutanen unguwarmu muka yi karo-karo kafin faɗuwar damina muka ɗauko hayar ƙaramar katafila domin ta yashe babbar kwatar da ke bin bakin titi. Mai motar ya zo da bokiti guda, mai haƙora. Kafin azahar an kwashe shara da yashi, kowa yana sa albarka. Da ruwan farko ya sauka sai muka ga aika-aikar: haƙoran sun farfasa simintin ƙasan kwatar, ruwa ya samu hanya yana zaizayar gindin katangar wani dattijo. Kuɗin da muka kashe wajen gyara sun fi kuɗin hayar. Ban ɗora laifin duka a kan direban ba, domin ni da nake da digiri uku ina tsaye a wurin ban ce uffan ba.

Akwai kuma kwaɗayin babban bokiti, wai don a gama aiki da wuri. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tana kusan tan 2. Idan aka ɗaura wa motar tan ɗaya da rabi bokitin da aka yi domin motar tan 3, aka cika shi, aka miƙe hannu zuwa gefe, to motar na iya kifewa da direbanta. Ko ba ta kife ba, gaɓoɓin hannun suna cinyewa da wuri. Sirirın bokiti shi ma yana da nasa aibin: a cikin laka mai danƙo sai ƙasa ta maƙale a ciki, direba ya yi ta girgiza hannu yana ƙona man dizal.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin Yaya shi ne gudumar fasa dutse, kuma ita ce mafi tsada a jerin. Gaskiya ne tana da kasuwa a inda ake da fa ko tsohon kankare. Amma ba a ɗaura ta da ka. Kowace guduma tana da adadin litar mai da take buƙata a minti ɗaya da kuma matsin da take jurewa, kuma dole waɗannan alƙaluma su dace da abin da famfon motar ke bayarwa. In mai ya yi kaɗan, dukan ba ya da ƙarfi. In ya yi yawa, mai ya yi zafi, robobin da ke toshe yoyo su ƙone. A zafin watan Afrilu irin namu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu ƙera ta suna gargaɗin kada a daki wuri ɗaya fiye da daƙiƙa 15 zuwa 30, kada a bar ta tana duka a iska, kuma a riƙa sa mata giris kamar bayan kowace awa biyu. Da yawansu suna aiki da iskar naitirojin da ake ɗura musu. Na tambayi Yaya, wa zai ɗura masa ita a garinsu in ta yi ƙasa? Ya yi shiru.

Murɗaɗɗen ƙarfen huda rami kuwa, wanda ake kafa turakun shinge da sandunan fitilar sola da dashen itatuwa da shi, sai wanda ya riga ya samu kwangilar irin wannan aiki. Yana buƙatar layin mai da ke tafiya gaba da baya, ba kowace ƙaramar mota ke zuwa da shi ba, kuma da ya haɗu da dutse ya tsaya. Sauran kayan, irin su yatsun kama gungume da abin yankan ciyawa, na ce ya manta da su. An yi su ne domin ayyukan da a nan ba wanda zai biya kuɗin mota a kansu.

Inda na fi jan kunnensa shi ne mahaɗa. Bokiti yana rataye ne da sandunan ƙarfe biyu, kuma kaurinsu da tazarar da ke tsakaninsu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Bokitin Kubota ba lallai ya shiga Sany ba. Masu walda na Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna gwanaye ne, za su iya ƙera bokiti ko su gyara kunnuwansa, ban raina su ba. Amma a kai musu awo daidai, a kuma nemi ƙarfe mai jure gogayya domin bakin. Akwai kuma mahaɗar gaggawa, wadda ke sa a sauya bokiti cikin mintuna kaɗan. Tana da daɗin aiki, tana kuma da tarihin kisa. A Ingila bokitai sun sha suɓucewa suna faɗa wa ma'aikata saboda direba ya manta bai sa ƙusar tsaro ba, har ta kai a 2008 aka daina sayar da sababbin motoci da nau'in da ke dogara da wannan ƙusa. To ina ga nan, inda leburori ke tsayawa cikin rami da shebur, bokiti yana wucewa ta saman kansu, ba hular kwano?

Da na kawo wannan zance a aji, wani ɗalibi ya ce ai motar ma kanta za ta raba leburori da abincinsu. Ban musa masa gaba ɗaya ba. Ramin da mutum goma za su kwana uku suna haƙa, motar za ta gama shi a wuni. Amma na tuna masa waɗanda rami ke ruftawa da su a wuraren haƙar ƙasar gini, da kwatocin da ba mai iya yashe su da hannu kafin ruwa ya zo. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, zan dawo mata wani makon in Allah Ya kai mu.

Shawarar da na ba Yaya a ƙarshe ita ce ya ɗauki bokiti uku, siriri da matsakaici da mai faɗi marar haƙori, ya ƙara da haƙori guda mai tsawo na tsaga marmara, wanda ba ya buƙatar mai ko kaɗan kuma yana yin rabin aikin da yake tunanin sai guduma. Ragowar kuɗin ya sayi haƙoran canji da tiyon haidirolik da matatun mai, ya kuma ware albashin wata uku na direban da ya san aiki. In aikin fasa dutse ya taso, ya ɗauko hayar guduma, ya ƙirga sau nawa hakan ta faru a shekara ɗaya, sannan mu sake zama.

Ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da Hajiya. Shekaranjiya ya sake kira, ya ce ya amince da bokitan uku, amma dillalin ya yi masa ragi a kan gudumar, kuma ragin zai ƙare ranar Juma'a. Na ce ya turo mini takardar da ke nuna litar man da famfon motar ke bayarwa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu dillalin bai turo ba.